Maƙalar injinan ban ruwa: yadda aikin ke tafiya

7 Oktoba 2024

Yau na buɗe wannan littafi, don na gaji da gardamar yaushe muka yi kaza, wa ya ce a cire kaza. Aikin da ke gabanmu, ni da Malama abokiyar aikina a sashe, shi ne mu mayar da rahoton binciken da muka yi a fadamun Ringim, Taura da Auyo na jihar Jigawa ya zama maƙalar da za ta iya shiga mujallar nazarin ci gaban al'umma ta ƙasa da ƙasa. Ita ce gwanar lissafi a cikinmu, ni kuma ni na fi zama gindin bishiya da manoma.

Tushen binciken a taƙaice: ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta doshi 500, a wasu wuraren ta haura, cikin 'yan kwanaki. Manomin rani da ke jan ruwa da ƙaramin inji, daga kogin Haɗeja ko daga rijiyar tiyo, ba shi da wata dabara sai fetur. Mun bi irin waɗannan manoma ranin 2023 zuwa 2024 muna tambayar yadda suka yi.

Rahoton ya haura kalma 14,000. Yawancin mujallun da muka leƙa ba sa son a wuce 10,000, wasu ma ƙasa da haka. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku zai sha wuƙa.

19 Oktoba 2024

Mako biyu muna zaɓen mujalla. Malama ta zana jadawali, muka jera su: World Development da ta fara fita a 1973, Journal of Development Studies ta 1964, Development and Change da ke fitowa daga cibiyar nazarin zamantakewa ta birnin Hague a Holan, sai Africa Development ta CODESRIA, ƙungiyar binciken ilimin zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, wadda ke buga Turanci da Faransanci tun 1976. Da wasu guda uku. A gaban kowace mun rubuta iyakar kalmomi, tsawon tsakure (taƙaitaccen bayanin da ke buɗe maƙala), salon manazarta (yadda ake jera ayyukan da aka ambata), da irin maƙalun da ta buga cikin shekara biyu da suka wuce. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani. In ka karanta tsakure ashirin na mujalla ɗaya a jere, sai ka ji halinta, kamar yadda kake jin halin gida daga zaurensa: wata ta fi son ƙididdiga mai nauyi, wata ta fi son muhawara kan siyasa da iko.

Batun kuɗi ya so ya firgita mu. In kana son kowa ya karanta maƙalarka kyauta, kuɗin da manyan mujallun nan ke nema yakan kai dala 3,000 ko fiye, a canjin yau wajen naira miliyan biyar. Sai da na karanta ƙa'idojin a tsanake na ga da yawansu hanya biyu suke da ita: in ba ka biya ba za a buga maka, illa dai sai mai rajista ne zai iya buɗewa. Wannan hanyar za mu bi, ba don muna so ba.

Mun tsayar da ɗaya, da ta biyu in ta farko ta ƙi. Ba zan rubuta sunayensu a nan ba.

A wannan watan kuma lita ta haura naira 1,000. Alƙaluman da ke cikin rahotonmu sun fara zama tarihi tun kafin su bar teburinmu.

29 Oktoba 2024

Yau fiye da mako guda yawancin Arewa ba wuta, an ce babban layin da ke kawo ta ne ya samu matsala. Batirin kwamfutata awa biyu yake yi. Da biro nake gyara a kan takardar da na buga tun kafin ɗaukewar, da yamma in kai caji wajen mai janareto. Ina rubutu kan tsadar fetur, ina biyan tsadar fetur don in yi rubutun.

Gyaran biro ya yi rana. A takarda na ga shafi huɗu cur na tarihin shirin Fadama, tun daga hukumomin raya karkara na shekarun 1980 zuwa shirin farko da Bankin Duniya ya tallafa a farkon shekarun 1990, wanda ya baza ƙananan injina da rijiyoyin tiyo. Na so shafukan nan, don na sha wuyar haɗa su. Sun koma sakin layi biyu.

16 Nuwamba 2024

Wannan makon mun ci karo da abin da ban zata ba.

Malama ta kira ni ofishinta ta ce, "Malam, zo ka gani, alƙaluman nan da hirarrakinka ba sa ga maciji." A takardar tambayoyi akwai tambaya ɗaya kan bashi, wadda yaran da suka taya mu aiki suka riƙa yi da Hausa kamar haka: "A ranin nan ka ci bashi don aikin gona?" Da yawa sun ce a'a. Amma a hirarrakin da na ɗauka a waya, kusan duk wanda na zauna da shi ya ambaci wani abu da ya karɓa a hannun wani.

Na koma na sake sauraren hirarrakin daga farko, kwana uku ina yi. Wani dattijo a Taura, wanda a takarda aka rubuta masa bai ci bashi ba, ga abin da ya ce da ni: "Bashi kuma, Malam? Allah ya kiyaye. Ƙanena dai ya ranta mini jarka biyu ta fetur, na mayar masa da na sayar da albasa." Wani ya ari inji na kwana biyu a mako daga maƙwabcinsa, shi kuma yana zuba mai yana ba gonar maƙwabcin ruwa a madadin haya. Wani ya jinginar da rabin fadamarsa ya noma rabin. Wani kuma dillali ne ya ba shi kuɗin mai tun farkon rani, da sharaɗin in tattasai ya nuna shi za a sayar wa.

Duk Bahaushe ya san waɗannan ba ɗaya ba ne. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar da kansa. Rance, kwatankwacinsa za ka mayar, ba ƙari, kuma yawanci tsakanin waɗanda ke jin kunyar juna. Jingina, gonarka na hannun mai kuɗi yana mora har ranar da ka fanshe ta. Kuɗin dillali kuwa ba a kiransa ruwa, amma a farashin kwando ake biyansa. Kalmar bashi tana da nauyi a bakin magidanci, ba zai amsa ta a gaban baƙon yaro mai riƙe da waya ba. Mu da muka tashi cikin harshen nan, mu ne muka rubuta tambayar da Turanci da kalma ɗaya, muka fassara ta da kalma ɗaya, muka tura yara ƙauye. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Malama ta ce mu ambaci wannan kuskuren a sashen gazawar bincike, layi uku, mu wuce. Ni kuma na ce kamar akwai abin da ya fi haka a ciki. Ba mu daddale ba. A yanzu dai layi ukun muka sa.

3 Disamba 2024

Na kai wa Farfesa, malamina tun digiri na biyu, daftarin maƙalar. Bayan kwana biyar ya aiko a kira ni. Shafin farko kawai ya yi wa jan biro.

Ya ce, "Wannan gabatarwar taka, wa kake gaya wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu karatun mujallar."

Ya ce, "To editan nan ƙila bai taɓa jin sunan Jigawa ba, kuma a makon nan an turo masa daga Bangaladash, an turo daga Habasha. Ka fara masa da cewa an ƙirƙiri jihar a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27. Me zai yi da wannan? Ka gaya masa tambayar da ta dame shi shi ma, sannan ka ce ga wani wuri da zai taimaka a amsa ta."

Na sake gabatarwar. Yanzu ta fara da muhawarar cire tallafin mai a ƙasashe masu tasowa, da yadda aka fi auna tasirinsa a kan kuɗin mota da cefane, ba a cika duba wanda mai yake masa tamkar taki ko iri ba. Jigawa ta koma sakin layi na uku.

20 Disamba 2024

Mun tura. Na ɗauka aikin awa ɗaya ne, ya cinye yini.

Mujallar ba ta barin mai bita, wato masanin da ake ba maƙala ya tantance, ya san marubuci, ko marubuci ya san mai bita, don haka sai an raba fayil biyu: shafin take mai sunayenmu daban, maƙalar da ba suna daban. Mun goge godiya, mun goge sunan jami'a daga bayanin izinin kwamitin ɗa'ar bincike, mun gyara wurin da muka ce "a aikinmu na baya". Saura ƙiris mu tura da sunana a maƙale cikin bayanan fayil ɗin Word, Malama ce ta hango. Sai lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ta kowannenmu, fitilun kalmomi, bayanin wa ya yi me a cikin aikin, bayanin cewa ba mu da wata maslaha a ciki, bayanin inda za a samu alƙaluman, da tambayar ko mun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu. Manazarta kuwa Zotero, manhajar da ke jera su, ya sauƙaƙa, sai dai ya birkita sunayen Hausawa uku, ya mai da sunan gari sunan yanka. Da hannu na gyara.

Wasiƙar edita rabin shafi muka yi. Da intanet ya yanke ana tsakiyar loda jadawali na biyu, sai da na fita na sha iska.

9 Janairu 2025

Sun dawo da ita, ba a ma kai ta ga masu bita ba. Layi biyar: batun yana da muhimmanci, rubutun a fili yake, amma maƙalar ta fi kama da bayanin abin da ya faru a wuri guda, ba a ga sabon abin da ta ƙara wa ilimi ba.

Ban buɗe kwamfuta ba kwana biyu. A rana ta uku na sake karanta namu da idon baƙo. An cire tallafi, mai ya yi tsada, manoma sun rage faɗin gona, wasu sun juya injinsu zuwa gas, masu hali sun sa sola. Wa zai yi mamakin wannan? Duk mai sauraren rediyo ya sani.

25 Janairu 2025

Mun zauna da Malama awa uku. Ita da kanta ta ɗauko zancen, ta ce, "Layi ukun nan naka, ina ganin su ne maƙalar." Mun juya ginin gaba ɗaya. Tambayar yanzu ita ce: in farashin abin da noma ba ya yiwuwa sai da shi ya ninka, ta wace ƙofa manomi ke samo kuɗi ko kaya, kuma me ya sa tambaya ɗaya kan bashi ba ta kama waɗannan ƙofofin? Sashen gas da sola ya ragu zuwa shafi guda. Mun yi sabon jadawali mai kalmomin Hausa a yadda suke, aro, rance, bashi, jingina, haya, kowace da bayanin me ake mayarwa, yaushe, tsakanin su wa, da abin da ke faruwa in an kasa. Na nace kada a fassara su a cikin rubutun bayan an yi bayaninsu sau ɗaya. In mai karatu ya iya riƙe kalmomin Hindi da Sifaniyanci a maƙalun wasu, zai iya riƙe biyar na Hausa.

A gefe guda, tun da aka ƙi mu saƙonni ke shigo mini daga wasu mujallu masu dogayen sunaye, wai za su buga cikin kwana bakwai in an biya dala kaza. Wani abokina ya ce in ba su kawai, lokacin ƙarin girma ya kusa. Na gane damuwarsa, ni ma ina lissafin maki. Amma mujallar da ke buga noma da tiyata da injiniyanci a fitowa ɗaya, cikin mako guda, ba wanda ya karanta abin da ta buga, har da editanta.

12 Fabrairu 2025

Mun tura wa mujalla ta biyu. Salon manazarta daban, tsakure ya fi gajarta, sai da muka zubar da kalma hamsin daga cikinsa. Wannan karon awa biyu ya ɗauka.

18 Maris 2025

Azumi ya yi nisa. Shafin mujallar ya canza daga "tana wajen edita" zuwa "ana bita". Na hana kaina leƙawa sai ranar Juma'a.

27 Mayu 2025

Amsa ta zo: a yi babban gyara a sake turowa, an ba mu wata biyu. Masu bita biyu, shafi shida.

Na farko, ga alama masanin tattalin arziki ne, ya fara da tambayar da ta sa na ji kunya: ina aikin Christopher Udry? Udry masanin tattalin arziki ne da ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a ƙarshen shekarun 1980, ya nuna cewa yawancin rancen karkara tsakanin waɗanda suka san juna ake yi, ba takarda, ba a cika neman jingina ba, kuma abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya samu mai karɓa, har ma da mai bayarwa. Na san aikin, na karanta shi ina ɗalibi, amma da yake da tallafin mai muka faro, ko kaɗan bai faɗo mini ba. Mun ambaci Polly Hill da aikinta na Batagarawa na 1972, mun ambaci Michael Watts na 1983, muka tsallake wanda ya fi kusa da mu. Kuma tambayar da ke biye ta fi zafi: irin wannan taimakon juna yana aiki ne in masifa ta samu mutum ɗaya ta bar maƙwabcinsa. To in ta sami kowa rana ɗaya, kamar tsadar mai, wa zai ranta wa wa? Wannan ce tambayar da ya kamata mu yi tun farko. Amsarta na cikin hirarrakinmu ma: masu cewa ɗan'uwan da suka saba zuwa wurinsa shi ma bana yana nema, shi ya sa suka koma ga dillali ko jingina.

Ya kuma ce ba mai kaɗai ya canza a 2023 ba. An saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni, taki da kayan gyaran inji suka tashi. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ga kasuwar Maigatari a bakin iyakar. Yaya muka ware wannan daga wancan? Gaskiya ba mu ware ba, kuma da irin bayanan da ke hannunmu ba za mu iya ba.

Mai bita na biyu gajere ne: ina mata?

14 Yuni 2025

Bayan Babbar Sallah muka koma Auyo da Taura na kwana huɗu. Damina ta fara, injina duk an ɗaga, mutane na ta shuka, sai da daddare ake samun su.

Ba mu da amsar tambayar mata, domin duk yaran da suka yi mana aikin farko maza ne, a ƙofar gida suka tsaya. Wannan karon Malama ta shiga cikin gidaje da ɗalibarta guda. Ta fito da abin da ba maigidan da ya gaya mini: wata ta ɗebi kwasar adashinta ta ba mijinta kuɗin mai, wata ta sayar da akuya, wata mai turara shinkafa ta ranta masa daga jarinta kuma tana sane da kowace naira. Da na koma wa ɗaya daga cikin mazan da zancen a kaikaice, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan maganar cikin gida ce." Ba a takardar tambayoyi kaɗai ta ɓace ba, a hirata ma ta ɓace.

Sarkin noman ɗaya daga cikin ƙauyukan ya tare ni ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan kuna zuwa kuna rubutu. Ina abin ya kwana?" Na ce ana kan dubawa a ƙasar waje. Ya ce, "To Allah ya sa su gane." Na yi masa alkawarin taƙaitawa da Hausa kafin rani.

10 Yuli 2025

Wasiƙar amsa ga masu bita ta kai shafi tara. Mun kwafo kowace magana tasu, a ƙarƙashinta abin da muka yi da lambar shafi. Farfesa ya karanta daftarin farko ya soke wurare biyu da na ɗan yi zafi, ya ce mai bita kyauta yake wannan aikin, ba a yi masa tsiwa.

Wuri biyu ba mu bi su ba, kuma mun faɗi dalili. Na farko ya so mu kwatanta da manoman Kadawa ta jihar Kano, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke gangaro musu ta magudana ba da inji ba. Shawara ce mai kyau, amma sabon bincike ne sukutum, mun sa ta a abin da ya kamata a yi nan gaba. Ya kuma so mu gwada da babban binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010. Malama ta duba, ta ce manoman fadama masu inji a yankinmu ba su da yawan da za a ɗora hukunci a kansu a ciki. Kan batun naira da rufe iyaka, mun cire duk inda muka ce cire tallafi "ya jawo", muka rubuta abin da muka gani da abin da manoman suka danganta shi da shi. Maƙalar ta rage ƙarfin murya, na kuma fi yarda da ita a haka.

Sabon sashen mata ya ƙara kalma 900, don haka sakin layi biyun tarihin Fadama sun koma jimla uku.

24 Yuli 2025

Mun sake turawa, saura kwana uku wa'adi ya cika: fayil mai nuna gyare-gyare, fayil tsaftatacce, da wasiƙar amsa. Editan ya ce ƙila ta koma ga masu bitan nan biyu, ƙila a ƙara na uku.

Na fara taƙaitawar Sarkin noma, shafi biyu. Jadawalin kalmomin da ya ci mana wata guda ba shi da wuri a cikinta, ba wanda zan koya wa bambancin aro da rance a Taura. Na tsaya a layin da zan faɗa masa abin da muka gano wanda bai riga ya sani ba, tun jiya ban wuce shi ba. Litinin jarrabawa za ta fara, sai bayan an gama duba takardu zan dawo kanta.